Taurarin da Inna Ta Jiƙa

Na daɗe ina koyar da kemistiri a wata sakandare a Ƙaura, kuma yawancin abubuwan da nake koyarwa ban taɓa ganinsu da idona ba. Da alli nake haɗa sinadarai, da tsumma nake goge su. Na san sunayen guba iri-iri da hanyar da kowace take bi ta shiga jini, in na zana maka ita a allon aji sai ka rantse na taɓa riƙe ta. Wannan karatun ya mayar da ni mutum mai zargin komai, har matata takan ce ko ruwan randa sai na harare shi kafin in sha. Duk da haka, da abin tsoro ya tashi shigowa gidana sai ya biyo ta makarantar Islamiyya, a manne a goshin ɗiyata, yana ƙyalli.

Shekararta biyar a lokacin. Sunan mahaifiyata na sa mata, don haka ba na iya kiran sunanta, ita kuma Inna ba ta da abokiyar hira a duniya kamar takwarar tata. Tun da mahaifina ya rasu Inna ta dawo wajena da zama. Ɗakinta yana kallon nawa, kuma yarinyar ta fi daɗewa a can fiye da ɗakin uwarta.

A wannan shekarar malamar Islamiyyarsu ta fito da sabon salo. Ta samo sitika daga kasuwar Shinkafi, manyan falle, kowane falle cike da taurari ja da kore da ruwan zinari, a tsakiyar kowane tauraro akwai ɗan rubutun Larabci. Duk wadda ta ba da hadda ba gyara sai a manna mata ɗaya a goshi. Sitikar tana da ƙamshi kamar na alawa, amma in ka matso da hanci sosai sai ka ji warin sabon takalmin roba a ƙarƙashinsa. Ɗiyata kuwa akwai kai. Kullum da yamma sai ta shigo gida da tauraro, tana tafiya a hankali kamar mai ɗauke da ruwa a tasa don kada ya faɗi.

Bazara ce, ana zufa. Wata rana uwarta ta ɓare tauraron za ta yi mata wanka, sai ga wani a ƙarƙashinsa, ja wur, da ƙahoninsa biyar cif, an jera masa ƙananan ƙuraje a gefe. Na duba na ce fatarta ce ba ta son gam ɗin. Inna ta jawo yarinyar gaban hasken ƙofa, ta daɗe tana kallo.

"Wanga ba ƙurji na ba," in ji ta. "Alama ta."

Kafin magariba labari ya zaga unguwa. Mata suka riƙa shigowa gaishe da Inna, waɗanda rabonsu da gidan tun zaman makoki. Wata mai tsohon ciki har ta nemi izini ta shafa goshin ta shafa cikinta. Ni ina tsaye a tsakar gida da man shafawa na asibiti a hannu, ba wanda ya ko tambaye ni lafiya.

Washegari na je na samu malamar, na roƙe ta ta riƙa manna wa yarinyar tauraron a 'yar takarda maimakon goshi. Ba ta yi gardama ba, har ta ba ni falle biyu in duba. Cikin kwana kaɗan goshin ya warke, maƙwabta suka ɗauke ƙafa, na ɗauka magana ta ƙare.

Sai gefen bakinta ya fara tsagewa. Ta riƙa kukan ciwon ciki da hantsi, abinci ya fita ranta. Wata safiya ta yi hamma a gabana na ga harshenta kore shar, bayan kwana biyu na sake dubawa na ga ya koma ja. Muka kai ta asibiti, ma'aikacin lafiya ya tambaye mu me take ci, muka lissafa masa tun daga koko har ƙuli-ƙuli. Ya ba da magani, ya ce mu sa ido, akwai abin da take kaiwa baki wanda ba mu sani ba. A jiharmu ba uban da zai ji wannan maganar bai tuna da gubar dalma ba, da yaran da ta ɗauka a garuruwan masu haƙar zinari. Na san ana iya samun dalma a wasu fenti masu arha, na kuma san abin da take yi wa ƙwaƙwalwar yaro. Tsoro ya kama ni ƙwarai.

Na zaunar da ita na tambaye ta ko tana lasar taurarin. Ta ce wallahi ba ta taɓa lasa ba. Yarinyar ba ta ƙarya, kuma daga baya na gano ranar ma gaskiya ta faɗa mini.

Ina da majalisa a gindin wani bedi, wato dogon yaro, kusa da tasha, inda muke zama bayan la'asar. Nan na kai fallen sitikar, don ba ni da wani wurin kaiwa. Na yi musu bayani cewa abin yana buƙatar ɗakin gwaji mai na'ura, irin wanda sai manyan birane, domin dalma ba ta da wari, ba ta da ɗanɗano, ido ba ya ganinta. Suka saurare ni da ladabi har na gama. Sannan wani abokina, ɗan Moriki mai sayar da hatsi, ya ɓare tauraro ɗaya ya sa a haƙori ya gatsa, yadda yake gwada gero ko ya bushe.

"Babu komi cikinai," in ji shi bayan ya tofar. "Ɗan ɗaci na kaɗai, shi ko ɗaci magani na."

Na ce masa yanzu na gama faɗa cewa harshe ba ya gane ta. Ya ce ai harshe harshe ne, nasa ya shekara talatin yana aiki a kasuwa.

Aka yanke shawarar a gwada a fata. Mu bakwai ne a majalisar, ƙaraminmu ya haura arba'in, kowa ya naɗe hannun riga aka manna masa tauraro a damtse. Limamin masallacin tasha ya ce shi ba zai sa a inda ruwan alwala yake bi ba, sai aka manna masa a ƙeya ƙarƙashin hula. Kwana uku muna yawo da su a gari. Ni da nawa na shiga aji na koyar da darasi a kan gwaji na ƙa'ida. Da aka ɓare, mutum biyu sun yi ƙaiƙayi, huɗu ba su ji komai ba, Liman kuwa ya ce ciwon wuyan da ya dame shi tun azumi ya tafi, ya tambaya ko akwai saura.

A cikinmu akwai wani Bafulatani daga Jangeru da yake kawo dabbobi kasuwa, shi ne ya fi kowa natsuwa. Ya ce mutum ba abin gwaji ba ne, don mutum yana da son zuciya. A ba dabba. In ta sunsuna ta kau da kai, to akwai magana. Akwai wata akuyar mai shayi da take kiwo a bakin tasha, aka miƙa mata tauraro ɗaya a kan fallen don ta sunsuna. Ta fizge fallen gaba ɗaya ta cinye, har da takardar bayan.

Muka shiga gadin akuya. Kullum bayan la'asar sai mu juya tabarma ta fuskance ta, dattawa bakwai, muna lura da tafiyarta da kashinta. Ni har littafi na buɗe mata. A rana ta tara ta haifi 'ya'ya biyu lafiyayyu. Na yi ta bayani cewa cikin ya riga sitikar da wata biyar, amma ba wanda ya ji ni. Mai shayi ya aiko a tambaye ni inda ake sayar da su.

Duk wannan shirmen da muke yi, yarinyata tana ramewa. Wata ranar Talata na manta takardun jarrabawa a gida, na dawo ɗauka da hantsi, lokacin da ba a saba ganina ba. Matata ta tafi awo asibiti. Na tarar da yara huɗu na maƙwabta a tsugune a ƙofar ɗakin Inna, a jere, kowa ya yi shiru. Na leƙa. Inna tana zaune a kan buzun mahaifina, a gabanta ga ƙoƙon da na sani tun ina yaro, da ruwan ɗumi a ciki. Taurari uku suna yawo a kan ruwan. Tana murza su da babban yatsa a hankali, rubutun yana narkewa, ruwan yana komawa kore, ƙyalƙyalin yana taruwa a gefe. Ɗiyata tana durƙushe ta fuskanci gabas, ta buɗe tafin hannu biyu tana jira.

Ban san lokacin da na fizge ƙoƙon na watsar da ruwan a tsakar gida ba. Na ɗaga murya. A rayuwata ban taɓa ɗaga wa Inna murya ba sai ranar, kuma a gaban yaran mutane. Na ce guba take ɗura wa yarinya, na ce fenti ne da gam da roba, na kawo sunayen sinadarai da Turanci kamar ina aji. Yaran suka watse. Ɗiyata ta fashe da kuka ta ɓuya a bayan kakarta, ni take gudu.

Inna ta bari na gama. Ta goge yatsanta a gefen zane.

"Kai mi kash sha har kag girma?" in ji ta. "Ba rubutu na ba? Kullum sahe ubanka shi rubuta, ni in wanke, kai ka shanye. Da shi kac ci jarrabawag ga da kaka yi mani kuri da ita."

Na ce wannan daban ne. Tawadar Baba gawayi ce da ƙaro, na san abin da ke cikinta.

"Wanga ma Larabci na. Malama tab ba ta, ba bisa hanya nit tsince shi ba. Kuma an hwaɗa mani abin da yay yi ma akuyar mai shayi."

Wata biyu ke nan tana yi. Tun ranar da na sa aka daina manna tauraron a goshi aka koma takarda, yarinyar take kawo mata shi da tsabtarsa. Ashe ni da kaina na sauƙaƙa mata aikin. Da maƙwabta suka ga yarinyar ta zo ta ɗaya a hadda, sai suka fara turo nasu da taurarinsu a hannu.

Na ba ta haƙuri a kan ɗaga muryar, ta ce ta yafe, amma a kan rubutun ba ta motsa ba. Ta ce ni malamin boko ne, ba ni da hurumin hana shan rubutu. Na san halinta. Ina fita makaranta za ta ci gaba, don a ganinta taimakon jikarta take yi, kuma na san tana da wasu taurarin a ɓoye. Mutum ɗaya ne take jin maganarsa a kan irin wannan, ƙaninta da yake Zurmi, malami ne da ake ɗaukar karatu a zaurensa.

Ranar Asabar muka shiga mota, bayan mun jira motocin can sun fara isowa an tabbatar hanya lafiya. Tun daga Ƙaura har Zurmi Inna ta juya mini ƙeya. Ta riƙe fallen sitikar da ya rage a cikin mayafi, ba ta yarda ya taɓa ƙasan mota ba.

Kawu ya sallami ɗalibansa, ya shigar da mu ciki. Na zayyana masa komai, har da dalma da abin da take yi. Ya gyaɗa kai irin na wanda yake jiran a zo wurin da ya shafe shi. Ya karɓi fallen, ya sa tabarau, ya fita bakin ƙofa wajen haske.

"Yaya, wanga ba aya ta ba," in ji shi. "Yabo na. Wanga ya ce madalla, wanga ya ce kin kyauta."

"To yabo mugun abu na?"

Kawu ya ce a'a. Ya juya fallen, ya ga wani ƙaramin rubutu a can ƙasa wanda ni ban taɓa kula da shi ba. Ya kai shi kusa da hanci, ya karanta a hankali, sannan ya fassara. Masu abin da kansu sun rubuta cewa kada a ba yaron da bai kai shekara uku ba, kuma kada a sa a baki. Na ji wani sanyi a raina. Na kalli Inna, ina ƙoƙarin kada fuskata ta nuna na yi nasara.

"Shekarunta biyar," in ji Inna. "Kuma ba ta taɓa sa shi baki ba. Ruwan taka sha."

Kawu ya cire tabarau ya goge. Ita ta goye shi yana jariri, ba zai iya ce mata ta yi kuskure kai tsaye ba, ko da littattafan duniya suna bayansa. Har na fara fid da rai. Can ya tambaye ni, kamar mai neman sani kawai, wa yake rubuta waɗannan taurarin. Na ce inji ne yake buga su, dubbai a lokaci guda, a wata ƙasa mai nisa.

"Inji," in ji Kawu. Ya juya wajen yayarsa. "Yaya, lokacin da Malam ka rubuta ma yaron ga, shina taɓa ɗaukar alƙalami ba da alwala ba?"

"Ko sau guda."

"To injin ga, wa ash shaidi alwalatai? Wa yas san niyyad da yay yi? Ko gabas ba mu san ya sani ba."

Inna ta dubi fallen da yake hannun Kawu. Na ga fuskarta ta canza, irin yadda take yi in ta gano an zuba mata ruwa a nono. Ta kwance bakin zanenta, ta fito da wani ƙullin leda, ta ajiye a gaban ƙaninta. Taurari ne sun fi ashirin, wasu na jikarta, wasu na yaran maƙwabta da suke jiran layi. Karatuna na shekara da shekaru bai karɓo ko ɗaya ba, Kawu ya karɓe su duka da alwalar inji. Na ji haushi, na kuma ji daɗi, ban san wanda ya fi yawa ba.

Muna shirin tashi Inna ta yi magana, ba ta kalli kowa ba.

"To wa za ya rubuta mata? Tun da Malam yat tahi, allonai na nan rataye, ba wanda yat taɓa shi. Ɗa guda gare ni, shi ko alli ɗai ya sani."

Muka yi sallama da Kawu. A mota na zauna ina kallon gonaki. Shekara shida ina wuce allon nan a bangon ɗakinta, ban taɓa tambayar kaina me take ji in ta kalle shi ba.

Bakin yarinyar ya warke cikin mako biyu, cikin ma ya daina, ta koma cin tuwonta har da neman ƙari. Mun mayar da ita asibiti aka duba ta aka ce ba abin damuwa. Malamar ta daina raba sitika, ta koma ba da dabino. Har yau ban san abin da yake cikin taurarin nan ba, ko akwai dalma ko babu. Zubar da su ma ya gagara. Inna ta hana a jefa a shara saboda haruffan Larabci, ni na hana a ƙona saboda hayaƙin roba, matata ta hana a binne saboda rijiya. Suna nan a cikin gwangwanin madara a saman kabad, liman yana tambayata su lokaci-lokaci.

Washegarin dawowarmu daga Zurmi na nemo ƙaro da gawayi, na dafa tawada yadda na ga Baba yana yi, na zuba a kurtunsa. Na feƙe alƙalami. Bayan sallar asuba na yi sabuwar alwala a tsakar gida, inda Inna za ta gani, na sauko da allon na share ƙurarsa. Hannuna ya manta hanya. Layin farko ya karkace ya gangara kamar zai faɗo daga allon, na ɗiga tawada a wuri biyu. Inna tana zaune a gefena tana bin alƙalamin da ido, ɗiyata ta durƙusa ta buɗe tafin hannu tun ban kai rabi ba.

Da na gama na miƙa wa Inna. Ta riƙe allon da nisa, ta duba sama da ƙasa.

"Rubutun ubanka ya hi wanga kyau," in ji ta.

Ta jawo ƙoƙon ta wanke allon a ciki tas, ba ta bar ko ɗigo ba. Ta kai baki ta kurɓa ita da farko, ta daɗe da shi a baki kafin ta haɗiye. Na ga idonta ya kawo ruwa. Ta miƙa wa takwararta sauran, sannan ta jingina allon a bango kusa da ƙafata, ba ta mayar da shi kan ƙusa ba.